Launin fata da zaɓin karatu a Amurka: buri ɗaya, lissafi daban-daban

A Amurka, yawancin jami'o'i sun saba ba ɗalibin da suka ɗauka wa'adin ranar 1 ga Mayu ya faɗi ko ya karɓi gurbin ko bai karɓa ba. Tun daga ƙarshen Maris saƙonni ke ta shigowa: wannan jami'a ta ɗauke ka, waccan ta ce ka yi haƙuri, ga kuɗin makaranta na shekara, ga tallafin da za a ba ka, ga ragowar da sai dai ka ci bashi. Yaro ɗan shekara 17 ko 18 ne zai zauna da waɗannan takardu ya yanke shawarar da za ta bi shi shekara 20 ko fiye. An daɗe da lura cewa idan aka duba jimillar waɗannan shawarwari, baƙaƙen fata da farare da 'yan asalin Latin Amurka da 'yan asalin Asiya ba hanya ɗaya suke bi ba. Jami'ar da suke zaɓa ta bambanta, fannin da suke karantawa ya bambanta, aikin da suke nufa ma haka.

Bayanin da ya fi saurin zuwa baki shi ne a ce al'ada ce: waɗannan suna son karatu, waɗancan ba su damu ba. Ni dai alkaluman da na sani ba su goyi bayan wannan ba. Catherine Riegle-Crumb ta Jami'ar Texas da abokan aikinta sun fitar da wani bincike a 2019 kan ɗaliban da ke shiga fannonin kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi. A ranar shiga, kusan ɗaya cikin biyar ne ke zaɓen waɗannan fannoni, ko baƙi ko fari ko ɗan Latin Amurka. Ƙofar shiga ɗaya ce. A tsakiyar tafiya ne ake rabuwa: kusan kashi 40 cikin 100 na baƙaƙe da kashi 37 na 'yan Latin Amurka sun sauya fanni, alhali farare kashi 29 ne. Waɗanda suka bar jami'ar gaba ɗaya ba digiri kuwa, baƙaƙe kashi 26 ne, 'yan Latin Amurka kashi 20, farare kashi 13. Yaron da ya rubuta injiniyanci da hannunsa a takardar shiga ba za a ce masa marar buri ba. Wani abu ne ya same shi a hanya.

Abu na farko, kuma mafi nauyi a ganina, shi ne dukiyar gida, wato abin da iyali suka tara bayan an cire bashi: gida, fili, ajiya, hannun jari. Wannan daban yake da albashi. A binciken Babban Bankin Amurka na 2022, idan aka jera iyalai daga mafi talauci zuwa mafi arziki aka ɗauki na tsakiya, na farare yana da dukiyar dala 285,000, na 'yan Latin Amurka dala 61,600, na baƙaƙe dala 44,900. Na 'yan Asiya ya kai dala 536,000. Ruwa ba ya tsami banza. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirar birane fiye da 200, ta shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi a matsayin wuraren da bashin gida ke da haɗari, kuma hukumar da ke tsaya wa masu cin bashin gida ta yi shekaru tana guje wa irin waɗannan unguwanni. Dokar 1944 da ta biya wa miliyoyin tsofaffin sojoji kuɗin jami'a, ta kuma tsaya musu wajen bashin gida, an bar aiwatar da ita a hannun bankuna da jami'ai na jihohi, a Kudu kuwa sojoji baƙaƙe da yawa ba su ga komai ba. Sai a 1968 aka haramta wariya a cinikin gidaje. Kakannin ɗaliban yau ne abin ya shafa kai tsaye. Har yanzu kusan uku cikin huɗu na iyalan farare suna zaune a gidan kansu, na baƙaƙe kuwa ba su kai rabi ba.

Ta yaya wannan ke shiga ɗakin karatu? A ɗauki ɗalibai biyu a shekarar farko, a babban zauren lacca mai ɗaruruwan mutane, dukansu sun faɗi jarrabawar kimiyyar sinadarai. Iyayensu ma albashinsu ɗaya. Na farko ya kira gida, aka ce ya sake kwas ɗin, idan an ƙara masa zango ɗaya ba komai, za a ɗauki bashi a kan gidan a biya. Na biyu tallafin karatunsa yana da sharaɗin kada makinsa ya sauka ƙasa da wani mataki, yana aiki a kanti da yamma, kuma wani ɓangare na abin da yake samu yana zuwa kuɗin hayar mahaifiyarsa. Idan ya sake faɗuwa tallafin ya tafi, bashin da ya riga ya ci kuma yana nan. Sai ya koma fannin da ya tabbata zai gama a kan lokaci. A takarda za a rubuta cewa ya sauya ra'ayi. Kamar 'yan kasuwa biyu ne: mai jarin da ubansa ya tsaya masa yana iya gwada sabon kaya ya faɗi ya tashi, wanda kuwa jarinsa shi ne kuɗin cefanen gida dole ya tsaya a kan abin da ya san zai fita yau.

Bashin ma ba ɗaya yake cizo ba. Judith Scott-Clayton da Jing Li sun nuna a 2016 cewa a ranar kammala digiri, bashin ɗalibi baƙi ya fi na fari da kusan dala 7,400. Bayan shekara huɗu giɓin ya kai kusan dala 25,000, saboda kuɗin ruwa da ke taruwa da kuma sabon bashin digiri na biyu. Kusan rabin baƙaƙen da suka kammala, bayan shekara huɗu, abin da ake binsu ya fi abin da suka ranta tun farko. A cikin farare kashi 17 ne. Ƙanin da ya ga yayarsa a wannan hali, shi ma yana lissafi. Haka nan zaman sanin makamar aiki da ba a biyan albashi, a birni mai tsada irin New York ko Washington, wanda sau da yawa shi ne mabuɗin aikin jarida ko siyasa ko harkar fina-finai, sai wanda za a biya wa haya na wata uku. Mai karatu da ya kasance shi ne na farko da ya yi digiri a gidansu, a Kano ko Zinder, ya san yadda albashin farko ke da masu jira tun kafin ya shigo. A gidaje masu dukiya kuɗi daga iyaye yake gangarowa zuwa yara, a gidajen da ba su da ita kuwa daga yaro yake hawa zuwa iyaye.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa rahoton cibiyar nazarin ilimi da ayyuka ta Jami'ar Georgetown na 2016 ya sami baƙaƙe sun taru a fannonin hidimar jama'a. Su ne kusan kashi 20 na masu digiri a fannin kula da walwalar al'umma, amma kashi 8 kacal a injiniyanci na gama-gari, kashi 5 a injiniyancin kwamfuta. Ba na son a ɗauki wannan duka a matsayin tilas. Ɗalibai da yawa suna faɗa da bakinsu cewa suna son aikin da zai amfani unguwar da suka fito, kuma wannan niyya ce mai daraja. Matsalar ita ce waɗannan ayyuka suna cikin mafi ƙarancin albashi ga mai digiri, ga kuma bashi mafi nauyi a wuya. Aikin gwamnati ma, irin gidan waya da koyarwa da soja, ya daɗe yana jan baƙaƙe fiye da kasonsu, domin can ne aka fara ɗaukarsu da ƙa'ida a rubuce, da matakin albashi da kowa ya sani, da fansho.

Kafin jami'a ma an riga an rage wasu hanyoyi. Makarantun gwamnati a Amurka suna samun babban kaso na kuɗinsu daga harajin gidajen yankinsu, kuma a 1973 Kotun Ƙoli ta ƙi soke wannan tsari a shari'ar San Antonio. Alkaluman ma'aikatar ilimi na shekarar karatu ta 2013 zuwa 2014 sun nuna kashi 33 ne kawai na sakandaren da baƙaƙe da 'yan Latin Amurka suka yi yawa ke koyar da babban lissafi na kalkulas, alhali a makarantun da waɗannan ɗalibai ba su da yawa a cikinsu kashi 56 ne. Wanda bai taɓa ganin darasin ba zai zauna aji ɗaya a jami'a da wanda ke maimaita shi.

Sai kuma batun wanda yaro ya gani a gabansa. Kusan kashi 80 na malaman makarantun gwamnati farare ne, baƙaƙe ba su wuce kashi 6 zuwa 7 ba, alhali ɗalibai baƙaƙe kusan kashi 15 ne. Wannan ma da tarihinsa: bayan hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata, an rufe makarantun baƙaƙe da yawa a Kudu, dubban malamansu da shugabanninsu suka rasa aiki. Seth Gershenson da abokan aikinsa sun bi diddigin yara a jihar Tennessee waɗanda aka rarraba azuzuwa ta hanyar ƙuri'a. Yaro baƙi da ya sami malami baƙi ko da ɗaya ne a shekarun farko na firamare, yiwuwar ya gama sakandare ta ƙaru da kashi 13 cikin 100, ta shiga jami'a ko kwaleji kuma da kashi 19. A wani binciken nasu, malamai biyu suna duban yaro baƙi ɗaya, sai a ga malamin da ba baƙi ba ya fi yi masa ƙaramin zato. Yaro yana jin irin zaton da ake yi masa ko ba a furta ba.

Likitanci ya nuna yadda hukuncin da aka yanke fiye da shekara 100 da suka wuce ke raye. Bayan rahoton Abraham Flexner na 1910 kan gyaran makarantun likitanci, biyar cikin makarantu bakwai da ke horar da likitoci baƙaƙe suka rufe, aka bar Howard a Washington da Meharry a Nashville. Yau baƙaƙe kusan kashi 13 ne na jama'a amma ba su kai kashi 6 na likitoci ba. Ƙungiyar makarantun likitanci ta ƙasar ta taɓa nuna cewa maza baƙaƙe 1,410 ne suka nemi gurbi a 1978, a 2014 kuwa 1,337. Shi ya sa jami'o'in baƙaƙe na tarihi, kusan 100, suke da nauyin da ya fi girmansu. Ƙaramar jami'ar Xavier a Louisiana tana cikin waɗanda suka fi tura baƙaƙe makarantar likitanci, jami'ar North Carolina A&T kuma ta yi suna wajen yaye injiniyoyi baƙaƙe. Mu ma a Afirka ta Yamma mun ci moriyarsu, domin a Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka yi karatu. Ɗalibin da ya bar jami'a mai babban suna ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan, sau da yawa abin da yake nema shi ne wurin da ba sai ya riƙa tabbatar wa kowa cewa ya cancanci kujerarsa ba. Kuma ana iya gina irin wannan yanayi a wasu wurare: shirin Meyerhoff da aka kafa a 1988 a Jami'ar Maryland ta gundumar Baltimore yana haɗa tallafin kuɗi da karatun rukuni da kulawar malamai ta kusa, kuma daga cikinsa Kizzmekia Corbett ta fito, wadda ta taka babbar rawa wajen samar da rigakafin korona na kamfanin Moderna.

Ɗalibai kuma sun san kasuwar aikin da ke jiransu. A gwajin Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan da aka wallafa a 2004, an aika takardun neman aiki na ƙirƙira kusan 5,000 ga masu ɗaukar ma'aikata a Boston da Chicago. An sa wa wasu sunaye irin na farare kamar Emily da Greg, wasu kuma irin na baƙaƙe kamar Lakisha da Jamal. Masu sunan farare an kira su da kashi 50 cikin 100 fiye da sauran, kuma inganta takardar ya fi amfanar mai sunan fari. Wani gwajin da ya fi girma daga baya, mai takardu kusan 83,000 zuwa manyan kamfanoni 108, ya sami giɓin ya fi ƙanƙanta amma yana nan, kuma ya taru a wasu kamfanoni ƙalilan. Wanda ya san haka zai fi karkata ga sana'ar da lasisi ko jarrabawa ke magana a madadinsa, kamar aikin jinya ko harhaɗa magunguna, a kan wadda sai ka san wani ya san wani.

A nan labarin 'yan Asiya ya shigo, kuma ya fi yadda ake ba da shi sarƙaƙiya. Jennifer Lee da Min Zhou sun yi hira da 'ya'yan baƙin haure 'yan China da Vietnam a Los Angeles, suka sami iyaye suna da ƙunƙuntaccen ma'auni na nasara: maki mafi girma, babbar jami'a, sannan likita ko lauya ko injiniya ko mai harhaɗa magunguna. Ɗaya daga cikin dalilan iyayen shi ne tsoron wariya, suna ganin waɗannan sana'o'i ne takarda ke kare mutum a cikinsu. Sannan akwai tacewa. Dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe ƙofa ga masu ilimi da ƙwarewa, har ya zama kusan rabin 'yan China da suka yi ƙaura zuwa Amurka masu digiri ne, a lokacin da a China kanta ba su wuce kashi 4 na manya ba. Waɗannan suka kafa makarantun ƙarin darasi da hanyoyin musayar bayani da har ɗan mai aikin gidan abinci ke amfana da su. Inda babu wannan tacewa sakamakon ya bambanta: kusan kashi 75 na 'yan asalin Indiya suna da digiri, 'yan Bhutan kuwa, waɗanda yawancinsu gudun hijira ya kawo su, kusan kashi 15. Ma'aunin kuma yana da nasa raɗaɗin, domin yaron da ke son zane ko tarihi yakan ji kamar ya kunyata gidansu.

Ga 'yan Latin Amurka, kusanci da gida yana da nauyi na musamman. Matthew Desmond da Ruth López Turley sun sami cewa a cikin ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Texas, su ne suka fi cewa zama a gida lokacin karatu yana da muhimmanci, kuma hakan na rage neman manyan jami'o'i na nesa. Da yawa suna farawa da kwalejojin al'umma na shekara biyu masu arha. Za a iya kiran wannan al'ada, amma yarinyar da ita ce ke yi wa iyayenta tafinta a asibiti, ita ce ke kai ƙannenta makaranta, tafiyarta tana da farashin da takardar tallafi ba ta lissafa ba. Idan kuma ɗalibin ba shi da takardar zama, ko yana ƙarƙashin kariyar da gwamnatin Obama ta bayar a 2012 ga waɗanda aka shigo da su ƙasar suna yara ba takardar zama, ba ya samun tallafin karatu na tarayya.

Akwai wata magana da ake yawan ji a bakin 'yan Afirka mazauna Amurka: mu da muka zo jiya mun yi digiri, su da aka haifa a nan me ya hana su? Gaskiya ne fiye da kashi 60 na manyan da aka haifa a Najeriya suke zaune a Amurka suna da digiri. Gaskiya ne kuma Douglas Massey da abokansa sun nuna a 2007 cewa baƙin haure da 'ya'yansu su ne kusan kashi 41 na ɗalibai baƙaƙe a jami'o'in rukunin Ivy, wato tsofaffin manyan jami'o'i irin su Harvard da Yale, alhali kashi 13 ne na matasa baƙaƙe a ƙasar. Sai dai wanda ya sami biza da kuɗin jirgi daga Legas ko Abuja ba shi ne ɗan Najeriya na tsaka-tsaki ba. An tace shi kamar yadda aka tace ɗan Indiya. Kwatanta zaɓaɓɓun wata ƙasa da ɗaukacin al'ummar da aka hana tara dukiya tsara bayan tsara rashin adalci ne. John Ogbu, masani ɗan Najeriya da ya koyar a Jami'ar California da ke Berkeley, ya bambanta tsirarun da suka zo da ƙafarsu da waɗanda aka kawo da ƙarfi, kuma wannan bambanci yana da amfani. Amma ra'ayin da shi da Signithia Fordham suka fitar a 1986, cewa yara baƙaƙe na gudun ƙoƙari don kada a ce suna kwaikwayon farare, bai tsaya da ƙafarsa sosai ba. Karolyn Tyson da abokanta sun duba makarantun North Carolina, suka ga zolayar mai ƙoƙari tana nan a cikin farare ma, kuma zargin kwaikwayon farare ya fi tasowa a makarantun da manyan azuzuwa suka zama kusan na farare zalla.

Binciken Raj Chetty da abokansa na 2018, wanda ya bi yara kusan miliyan 20, ya ƙara wani abin da ke rikita duk wani bayani mai sauƙi. Mace baƙa da mace fara da suka tashi a gidaje masu kuɗin shiga ɗaya, abin da kowacce ke samu da hannunta idan sun girma kusan ɗaya ne. A maza giɓin yake, kuma yana nan har a tsakanin yaran da suka tashi a unguwa ɗaya. 'Ya da ɗa gida ɗaya suka fito, tarbiyya ɗaya, don haka dole a duba yadda makaranta da 'yan sanda da masu ɗaukar aiki ke kallon namiji baƙi. Kusan biyu cikin uku na digirin farko da baƙaƙe ke samu mata ne ke karɓa.

Ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ba da gurbi, a shari'ar Harvard da Jami'ar North Carolina. Koken masu ƙara, cewa ana tauye 'yan Asiya wajen ba da gurbi, ba na banza ba ne, domin bayanan shari'ar sun nuna masu neman gurbi 'yan Asiya suna samun ƙaramin maki a ma'aunin halayya. Amma bayanan nan dai sun nuna kusan kashi 43 na fararen da Harvard ta ɗauka 'yan wasa ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko 'ya'yan ma'aikata, ko waɗanda ke cikin jerin musamman da ya haɗa da dangin masu ba da gudummawa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, kuma hukuncin bai taɓa wannan ba. A MIT, babbar jami'ar fasaha ta jihar Massachusetts, kason baƙaƙe a sabon aji ya sauka daga kusan kashi 13 zuwa kashi 5 a 2024. A wasu jami'o'in bai motsa sosai ba. Duk da haka mafi yawan ɗaliban Amurka suna karatu ne a makarantun da ke ɗaukar galibin masu nema, inda matsalar ita ce kuɗi da gamawa.

Gwajin da ya fi nuna min inda gizo ke saƙa a Michigan aka yi shi. Susan Dynarski da abokanta sun sa Jami'ar Michigan ta aika wa haziƙan ɗalibai 'ya'yan talakawa babban ambulan mai launin jami'ar, da wasiƙa ga iyaye da shugaban makaranta, ana yi musu alkawarin shekara huɗu ba kuɗin karatu idan aka ɗauke su, ba sai sun cike dogon fom na tallafi tukuna ba. Yawancinsu da ma sun cancanci wannan tallafi. Abin da aka ƙara kawai tabbaci ne tun kafin su nema. Masu neman gurbi suka tashi daga kashi 26 zuwa 68, masu shiga daga kashi 12 zuwa 27. Da aka gwada wata wasiƙar mai cewa za a ba ka idan an tantance kuɗin shigar gidanku, tasirin ya ragu ƙwarai. Shirin bai duba launin fata ba, domin masu zaɓe a jihar sun haramta hakan tun 2006, kuma da yawa daga waɗanda suka amfana farare ne 'yan karkara. Jami'ar da kanta ta shaida wa Kotun Ƙoli cewa duk da irin waɗannan shirye-shirye, kason baƙaƙe a cikin ɗalibanta na digirin farko ya sauka daga kusan kashi 7 a 2006 zuwa kusan kashi 4 a 2021, a jihar da kusan kashi 14 na mutanenta baƙaƙe ne.